Shirun Zamanin Kunce Ba Haɗin Kai Ba Ne

Duk daren Laraba, da na buɗe layin waya a shirina, sai wani dattijo ya kira ya ce mini: "Ɗana, ka daina haɗa mutane faɗa. Zamanin Kunce bakinmu ɗaya." Ina girmama furfurarsa, amma ban yarda ba, kuma yau zan faɗi dalili, tunda a rediyo minti biyu nake da shi.

Daga 1974 zuwa 1987 Seyni Kunce ya riƙe ƙasar nan. Babu jam'iyya, rediyo ɗaya ce, ta gwamnati, ƙungiyar addinin Musulunci da hukuma ta sani ita ma ɗaya. To da wa za ka yi gardama, kuma a ina? Mahaifina ya ce ko a gindin bishiya sai mutum ya waiga kafin ya ambaci sunan shugaba. Saɓanin yana nan, cikin ciki aka haɗiye shi. Shi ya sa bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka kuma buɗe Taron Ƙasa a Yamai a Yulin 1991, maganar da ta ɓarke sai da ta ci wata uku ba ta ƙare ba. Ba a zauren taron aka ƙirƙiro ta ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne saurin yanke hukunci: wanda bai yarda da kai ba, ko jahili ne, ko an saye shi, ko imaninsa da rauni. Haba! Makiyayin Tawa da manomin Madarumfa suna kallon burtali ɗaya, ɗaya yana ganin hanyar shanunsa, ɗaya yana ganin geronsa. Wane ne maƙaryaci a cikinsu? Wanda ya yi lakwal da wanda ya yi tsangaya sun karanta duniya da haruffa daban. Ɗan kasuwar Maraɗi da albarkarsa ke kan iyakar Najeriya ba zai auna rufe iyaka da mudun ma'aikacin ofis ba. Ko mutum biyu masu hankali da tsoron Allah, ka ba su hujja ɗaya, sai kowa ya fifita wani ɓangarenta.

A addini ma haka. Mazhabobi huɗu ne, malamansu sun saɓa ba su kafirta juna ba. Mu kuwa a kan kabalu da sadalu har an raba masallaci, an fasa aure. Na san gidan da wa da ƙane ba sa cin tuwo tare saboda Maulidi.

Ban ce kowane ra'ayi daidai ne ba. Akwai masu kira su zuba ƙarya ko zagi, waɗannan ina katse su ba kunya. Amma wanda ya kira da hujjarsa, ko ta ƙona mini rai, zai yi minti biyunsa cif. Baba ma da ke son a rufe layin, ta wannan layin yake faɗa mini haka, kuma Laraba mai zuwa zan sake ɗauka.