Wa ya ce karatun duwatsu aikin banza ne?

Akwai wata magana da ke yawo cikin garuruwanmu, kuma ba ta da kyau. In aka ga yaro ya gama lakwal yana bin tsauni da ƴar guduma, yana tsintar duwatsu cikin jaka, sai a ce ya haukace, ko zinariya yake nema a ɓoye. Wasu iyaye har hana ƴaƴansu wannan karatu suke yi. Ni ban yarda da su ba.

Ku dubi buhun simintin da kuke saye da tsada don gyaran rijiya. Daga ina ya fito? Daga dutse. A Malbaza, cikin jihar Tawa, ma'aikatar siminti ta soma aiki a 1966. Ba don kyaun gari aka kafa ta can ba. Masana duwatsu ne suka auna ƙasar, suka tarar da farin dutsen da ake kira kalkar, mai yawa. A cikinsa har ɓawon dodon koɗi na teku ake samu, domin teku ya taɓa rufe Adar shekaru miliyoyi da suka wuce.

Ana niƙa dutsen nan tare da yumɓu, a gasa su cikin wuta mai zafin awo 1450. Ruwa kuwa a awo 100 yake tafasa, ku kwatanta! Bayan haka a ƙara ɗan jips, wani dutse mai ƙyalli da farce ke iya kartawa, kamar kashi 5 cikin 100. In babu shi, kwaɓin zai daskare kafin magini ya ɗauki cokalinsa. In kalkar ɗin ya cika yashi, simintin ba zai yi ƙarfi ba. Wa zai faɗa wa ma'aikata wane rami za a haƙa, wane za a bari? Yaron nan mai guduma da kuke yi wa dariya.

Haka gawayin ƙasa na Anu Araren da ke ba Arlit da Agadas lantarki, masu wannan ilimi ne suka gano shi.

To, in ɗanku bai koya ba, baƙo za a ɗauko, a biya shi albashi mai tsoka, naku kuma ya ɗauki kaya a ka. Ran da wani ya zo sayen fakon bayan gari da ciyawa ba ta fita a kai, shi ya san abin da ke ƙasa, ku ba ku sani ba. Kuɗin goro zai ba ku, ku sa hannu kuna godiya.

Akwai makarantar ma'adinai da ilimin duwatsu a Yamai, sunanta EMIG. Yaro ko yarinya mai ƙoƙarin lissafi, ku tambayi malaminsa hanyar shiga.