Ruwan Alwalarmu da Garkar Bayan Gida

Ranar Asabar da ta wuce uwargida ta aike ni cefane kasuwar Arzeke. Na tsaya gaban wata dattijuwa mai tumatir, ta nuna mini kashi ɗaya, 'ya'ya biyar, biyu har sun fara laushi. Da ta faɗi kuɗin sai na ce, "Haba Inna, zinariya ce?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, je ka tambayi mai mota." Gaskiyarta kuwa. Tumatirin nan ya yi tafiya kafin ya iso Parakou, kuma kowane shinge da ya ratsa a hanya ya bar masa alama a farashi.

Na iso gida ana kiran azahar. Muka jeru bakin rariya da butoci, ni da yarana da maƙwabcin da muke haya tare. Ina kallo ruwan alwalarmu ya bi kan siminti, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya je ya kwanta a lungu inda sauro ke jiransa. Kuɗin tumatir na ci mini rai, ga kuma ruwan da zai raya tumatir yana tafiya kwata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mu a nan arewacin Benin damina ɗaya gare mu, ba kamar Kwatano da Porto-Novo masu biyu ba. Ruwa kan sauka daga Afrilu ko Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. A tsakanin nan kusan kowane gida da ya rage da ɗan fili, a Zangon Parakou ko a unguwannin Djougou, za ka ga kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, ko kabewa ta hau katanga. Da ruwa ya ɗauke sai a tuge, a share, a cinna wuta, a ce sai baɗi in da rai. To, a nan muke kuskure. Masu garka na gaskiya, daga Malanville zuwa Galmi ta jihar Tahoua, zuwa Kura da Kadawa a ƙasar Kano, yanzu ne suke ɗaura ɗamara. Sanyin dare na Disamba zuwa Fabrairu shi ne abin da tumatir, albasa, salati, kabeji da karas suke so. Cututtukan ganye da laima ke kawowa da damina sun ragu, furen tumatir yana kamawa ya zama ɗa. In aka yi sake har zafin Maris da Afrilu ya shigo, furen zubewa yake yi, ka yi ta ban ruwa kana kiwon ganye.

Bana akwai ƙarin dalili. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 kuma bayan tsakiyar Fabrairu, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Kowa ya san yadda kayan miya ke tashi da azumi. Wanda ya zuba irin tumatir a makon nan na tsakiyar Nuwamba, ya rene shi mako 3 zuwa 4, ya dasa, zai fara tsinka bayan wata biyu da 'yan kwanaki, wato daidai buɗa-bakin farko. Salati mako 6 zuwa 8 ya ishe shi. Alayyafo bai cika wata ba ake fara yanka. Lissafin a fili yake, jinkiri ne kawai zai ɓata shi.

Kada kuma mu manta abin da muka gani da idonmu. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta rufe, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Kayan da suka saba hawa gada suka koma kwalekwale, kuɗin dako ya ninka, mai saye a Parakou da Djougou ya biya. Mu Hausawan ƙasar nan abin ya fi taɓa mu. Kakanninmu fatauci ya kawo su, kan tsohuwar hanyar goro da ta tashi daga Kano ta bi ta Djougou zuwa Gwanja. Sun samu masauki wajen Bargawa, Dendawa da Yom, an zauna lafiya, amma mafi yawanmu ba mu gaji gona a nan ba. Komai na tukunya saye muke yi. Ɗan filin tsakar gida shi ne duk ƙasar noman da da yawanmu suka mallaka, shi ɗin ma muna ta rige-rigen daɓe shi da siminti.

Na san amsar da za a ba ni: Malam, ina ruwan? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Rijiyoyi kan ja baya da rani, famfo kan yi kwanaki shiru, jarka kuma da kuɗi ake cika ta. Shi ya sa ba zan ce kowa ya sayi ruwa don garka ba. Ina cewa ne mu daina zubar da wanda muka riga muka saya. Ɗauki gida mai mutum 10 masu salla. A ce kowa lita 1 kacal yake alwala da ita, alhali mun san butar yawancinmu ta fi haka. Sau 5 a yini, lita 50 ke nan, jarka biyu manya, kullum ta Allah. Ƙara da ruwan wanke shinkafa, na wanke ganye, na ɗaurayar kwanuka. Wannan ya isa ya riƙe fangali biyu ko uku da buhunan shuka goma. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ba. Mu da muka kasa wannan tattalin, ai gara rarar ta shiga ƙasa ta fito da abinci. Ruwan alwala mai tsarki ne, a tambayi kowane malami. Abin kiyayewa shi ne a raba shi da ruwan tsarki da na bayan gida. Ruwan wanki mai omo ko jabel kuwa kada ya kusanci ganyen da ake ci ɗanye. Mai ɗan sabulu kaɗan a kai shi gindin ayaba ko gwanda.

Yadda ake tafiyar da garkar hunturu ya bambanta da na damina, kuma a nan ne masu farawa ke faɗuwa. Da damina kunya ake ɗagawa don ruwa ya wuce. Da rani fangali ake yi, a ɗan nutsa shi ƙasa, a ɗaga gefensa, don ruwa ya tsaya. A rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa ko ganyen mangwaro, wannan da muke sharewa muna ƙonawa kowace safiya hayaƙi na shaƙe yara. Ƙasar da aka lulluɓe takan riƙe danshi ta kwana, wadda aka bari tsirara kuwa iskar hunturu ta lashe ta kafin la'asar. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a kafa zana ko karan dawa ta wannan ɓangaren. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a hankali. Sau ɗaya a mako a ɗan yayyafa wa ganyen don wanke ƙura. Mai tsohon tulu ko tukunyar ƙasa ya binne ta har wuya tsakiyar fangali, ya cika ta, ya rufe bakinta: za ta riƙa tsattsafo da ruwa daidai buƙatar saiwa, sauro kuma bai samu wurin ƙwai ba. Wanda gidansa duk siminti ne, buhun shinkafa da aka huda gindinsa, ko jarkar da ta fashe, sun ishe shi attaruhu da tumatir. Ranar da mai gida ya ce a tashi, ka ɗora garkarka a amalanke.

Taki ba sai an saya ba. Gidan da ke kiwon ragon layya, awaki ko kaji yana da shi a turke. Sharaɗin kawai a bar shi ya ruɓe, a tara shi da ganye da toka a rami, ana ɗan jiƙawa ana juyawa kamar wata biyu. Ni kaina bara na yi gaggawa, na zuba ɗanyen kashin kaji a kan dashe, kwana uku duka suka ƙone. Abin da ya tsira kuma akuyar maƙwabta ta gama da shi ranar da yaro ya bar ƙofa a buɗe, har muka yi mako muna gaisuwa sama-sama. Daga nan na koyi cewa shinge ake fara yi kafin a zuba iri. Da kaka ake sakin dabbobi, kuma akuya ba ta san haƙƙin maƙwabtaka ba. Mafi alherin shinge shi ne zogale: a sassare tsohon zuwa daidai ƙugu don ya yi sabon toho, a kafa rassan a jere inda ruwa ke kaiwa, ka samu katanga ka samu ganyen kwaɗo. A wannan lokacin ne kuma ake ɗebe irin kuɓewa, yakuwa da rama daga mafi kyawun tushe, a shanya, a gauraya da toka, a adana a kwalba. Rarar kuɓewa da tumatir a yanka a shanya. Iskar nan da ke fasa mana leɓe ita ce mafi iya yin kauɗa.

Akwai abin da ya fi tsadar kayan miya tayar mini da hankali, wato maganin ƙwari. Muna zaune a yankin auduga, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa maganin da aka yi don auduga yakan ƙare a kan kabeji da tumatir. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, mutane da dama sun rasa rayukansu a nan Borgou ta dalilin gubar endosulfan, maganin da Benin ta haramta a 2008. An hana wancan, amma ɗabi'ar fesa abin da aka samu ba ta mutu ba. A garkar gidanka kai ka san abin da ka zuba. Ganye ko 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa suka kwana, a tace a fesa da yamma, da toka a kan ganye, da hannun yaro mai tsince tsutsa, sun wadatar da ƙaramin fangali.

Ba na cewa garkar gida za ta maye gurbin kasuwa. Ba za ta ba ka buhun albasa ba, Inna mai tumatir ma ba za ta rasa ciniki ba. Cikin Afrilu, in rijiya ta ƙafe ƙaf, wasu fangulan dole a haƙura da su, a tsira da zogale da attaruhu har ruwan farko. Amma gidan da ke tsinkar ganyen miya da 'yan tumatir kwana uku a mako ya rage wa aljihu nauyi, kuma yaran gidan sun ci ɗanyen ganye a watannin da ya fi wuya.

Maganar yara ce ma ta fi damuna a matsayina na malami. Kwanan baya na tambayi ajina ina albasa take fitowa, wani ya ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ya ce, "A buhu." Aji ya fashe da dariya, ni kuwa kakata na tuna a Djougou, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba amma ba ta taɓa sayen ganyen miya ba. Tun 2017 gwamnati ta faɗaɗa shirin ciyar da ɗalibai a makarantun firamare, ana kuma ƙarfafa kowace makaranta ta yi garkarta. Makarantun allo da islamiyyunmu fa, me ya hana su? Ilmin ma ba nisa ya yi ba. Cibiyar Songhaï, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985 kan tsarin kada a zubar da komai, tana da reshe a nan Parakou. Jami'ar Parakou, da aka buɗe a 2001, tana da tsangayar aikin gona. Ƙungiyoyin matasan Zango da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallo za su iya tura mutum biyu su koyo, su dawo su koyar.

Kirana na farko ga limamai da kwamitocin masallatai ne. Ba inda ruwan alwala ke taruwa kamar masallaci, balle ranar Juma'a. Bututu ɗaya da ɗan rami mai tsakuwa sun isa su karkatar da shi zuwa gindin zogale, lemo ko gwanda, maimakon ya ɓata hanya masu wucewa suna tsallake suna tsaki. Mun sha ji a wa'azi cewa duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. To ga wurin aiki da shi a ƙofar masallaci. Na biyu ga masu gidajen haya: Alhaji, in za a daɓe tsakar gida, a bar ko taku uku a jikin katanga. Na uku ga mu magidanta: kada a jibga wa mata da 'yan mata wannan aiki a kan ɗibar ruwa da girki. Haƙa fangali da kafa shinge namu ne da samarin gida.

Ni dai na fara. Tun ranar Asabar ɗin nan na sa tsohuwar roba a bakin rariya, kowa a kanta yake alwala, ƙaramin ɗana ne sarkin juyewa. Irin tumatir ya tsiro jiya, zanar ma na ɗaure ta da waya saboda akuyar da kuka sani. Wanda ya karanta wannan, ya sa tasa robar kafin magariba. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya kai mu azumi lafiya.