Unguwa Ta Tsara, Hukuma Ta Karɓa

Tun da majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar Localism Act a shekarar 2011, mutanen ƙauyuka da unguwannin Ingila suka sami wani haƙƙi wanda, a ganina, ya cancanci duk mai kishin maslahar al'umma ya yi nazarinsa, wato ikon su zauna da kansu su ƙayyade inda za a gina sababbin gidaje da filin da ba za a taɓa ba, sa'an nan su miƙa wa ƙaramar hukuma abin da suka yi ittifaƙi a kansa.

Miƙawar kuwa tana da sharuɗɗa masu nauyi. Kafin takarda ta isa ofis, wajibi ne a baje ta ga jama'a har mako shida, a haɗa ta da taswirar yankin, da bayanin waɗanda aka tuntuɓa da abin da kowa ya ce da yadda aka amsa masa, ko da ƙorafin tsohuwa ne a kan bishiyar da ke ƙofar gidanta, tare da hujjar cewa tsarin bai saɓa wa manufofin ƙasa ba. Hukuma ta sake tallata shi mako shida, a naɗa mai bincike mai zaman kansa, daga bisani a kira ƙuri'ar raba gardama. Idan fiye da rabin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka ce na'am, tsarin ya shiga cikin ƙa'idojin da ake hukunta neman izinin gini da su. Mutanen Upper Eden a Cumbria ne suka fara kaiwa ga ƙuri'a, a watan Maris na 2013. Har a harajin da ake karɓa daga masu gine-gine, unguwa mai tsari takan sami kashi 25 cikin ɗari maimakon 15.

Abin da yake damuna, alhali ina yaba hikimar dokar, shi ne cewa wannan ɗawainiya tana cin shekaru da kuɗi da ilimin shari'a, don haka ƙauyen da lauyoyi da masu zanen gini suka yi ritaya a cikinsa yakan kammala, unguwar talakawa kuwa, inda mutum yake komawa gida a gajiye bayan isha'i, sau da yawa ko farawa ba ta yi. Haƙƙin da mai hali kaɗai yake iya kaiwa gare shi bai cika adalci ba, kuma wajibi ne hukuma ta tura ma'aikatanta su zauna da raunana har takardarsu ta kammala.