Mu Koma Taka Sayyada: Tsokaci Kan Zirga-Zirgar Hausawan New Bell

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane ya taka sayyada, yana nufin ya tafi da ƙafarsa, bai hau komai ba. Lafazin kalmar ɗaya ne da laƙabin girmamawa da ake yi wa mace mai daraja, kuma ƙafa ta cancanci wannan girma, domin ita ta kai Bahaushe Gwanja da Kurmi da Makka. A yau kuwa, a unguwannin Hausawa na birnin Duwala, mai hali idan aka gan shi yana tafiya ƙasa sai a fara tambayar ko motarsa ta lalace, ko kuwa kasuwa ce ta juya masa baya. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, lokaci ya yi da mazauna New Bell da Kwango da kewayensu za su ajiye mota da babur a duk tafiyar da ba ta wuce cikin unguwa ba, su koma ga ƙafa da keke, sannan su nemi hukuma ta gyara musu hanyar yin hakan.

Unguwar da Aka Gina da Ƙafa

Tarihin New Bell kansa hujja ne. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da ke bakin kogin Wuri domin su keɓe wa Turawa, suka ware wa 'yan ƙasa sabon wuri a bayan gari, suka bar fili mai faɗin kimanin kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da wannan ƙwace, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Sabon wurin shi ne New Bell, kuma baƙi ne suka fi cika shi: Hausawa da Bamileke da Basa da sauran masu neman arziki. Fataken Hausawa sun biyo ta Adamawa da Ngawundare da Tibati har suka gangaro bakin teku, mafi yawan tafiyar a ƙasa, da kaya a kai.

Da suka zauna, sai suka tsara zamansu irin na zango: masallaci kusa, makarantar allo a zaure, mahauci da tela da mai koko duk a lungu ɗaya. Har gobe babbar kasuwar Duwala da kasuwar Kwango da ta Nkololun ba su yi wa mazaunin unguwar nisan da ƙafa za ta gaza ba. A shekarar 2020 magajiyar garin Faris, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin neman zaɓe da tsarin da masani Carlos Moreno ya kira birnin minti 15, wato kowa ya sami kasuwa da makaranta da asibiti a tazarar da zai taka cikin rubu'in awa. Abin da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi su ƙirƙira, mu gadonsa muka yi, muna kuma neman mu yar da shi.

Yadda Babur Ya Ci Gari

Kamfanin bas na gwamnati, SOTUC, wanda aka kafa a 1973, ya durƙushe a 1995. Kafin nan an yi yajin da ya rufe birane a 1991, an kuma karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994. A wannan tsakani ne babur ɗin haya ya yi ƙarfi, wanda mutanen Duwala ke kira bensikin, Kanawa su ce acaɓa, mutanen Nijar su ce kabu-kabu. Kamfanin SOCATUR ya fara aiki a 2001, amma bas ɗinsa ba su taɓa wadatar birnin da ke da miliyoyin mutane ba. Babur ya cike gurbi, ya kuma sauya ɗabi'a. Tafiyar da yaro zai yi cikin minti 10, yanzu sai an ba shi kuɗin babur. Mai mota kuma sai ya fito da ita domin zuwa masallacin Juma'a da yake jin kiran sallarsa daga tsakar gida, ya toshe lungu, ya ɓata rabin awa yana neman inda zai ajiye ta. Wanda ya san cunkoson Ndokoti ko na hanyar gadar Wuri ya san inda wannan ɗabi'a ke kai gari idan kowa ya ɗauke ta.

Abin da Muke Asara

Na farko aljihu. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nan cikin shekara guda da 'yan kwanaki. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a ƙarshen Mayun 2019, ƙasar ta dogara ga tataccen mai na waje. Mutanen Duwala ba su manta ba cewa tarzomar Fabrairun 2008 ta taso ne daga yajin aikin direbobi kan tsadar mai. Duk gidan da ya ɗaura kowace fita a kan fetur ya miƙa wuyansa ga farashin da ba shi da ta cewa a kansa.

Na biyu lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, domin rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Ɗan kasuwar da ke yini zaune a shago, ga shayi mai sukari, ga tuwon dare, idan ya taka minti 15 zuwa kasuwa ya taka 15 dawowa, kwana biyar sun cika masa adadin ba tare da ya biya ko dala ba. Hayaƙin da injuna ke fesawa a lungunan da iska ba ta ratsawa kuwa, 'ya'yanmu da matan da ke sana'a a bakin hanya ne suke fara shaƙarsa.

Na uku, kuma wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne zumunci da Hausar kanta. A Duwala, Faransanci ke mulki a makaranta da ofis, Turancin buroka da sauran harsuna kuma suna da ƙarfi a kasuwa. Hausa tana rayuwa ne a gida da masallaci da bakin hanya. Mai tafiya ƙasa zai tsaya ya ce wa dattijo "Baba, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali?", a nan zai ji wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa. Yaron da ke biye da shi a nan yake koyon jerin gaisuwa da durƙuso da karin magana. Wanda ya ɗaga gilashin mota ya wuce, iyakarsa ya danna oda. Gaisuwar da ta koma ƙarar oda ba ta koya wa yaro kalma ko ɗaya.

Hujjojin Masu Ja

Masu cewa abin ba zai yiwu ba suna da abin faɗa. Duwala na cikin biranen Afirka mafiya ruwan sama, tana samun sama da milimita 3,500 a shekara, kuma a watannin Yuli da Agusta lungunan New Bell kan koma kwata. Ga zafi mai gumi, ga haɗarin babura da ke hawa har gefen titi. Tsoho da mara lafiya da mai juna biyu da mai ɗauke da kaya masu nauyi, babu mai hankalin da zai ce su taka. Haka mai zuwa Bonaberi ko bakin tashar jiragen ruwa, dole ya hau abin hawa. Amma damina ba ta cinye shekara ba, kuma kakanninmu da laima da malafa suka ratsa wannan kurmin. Abin da ake magana a kai shi ne tafiyar kilomita 1 ko 2 ta mai lafiya, wadda ita ce mafi yawan fitarmu ta yau da kullum.

Akwai kuma batun 'yan bensikin, waɗanda da yawansu matasa ne daga arewacin ƙasar, da wannan sana'a suke ci da iyali. Ba a kira a hana su aiki ba. Kano ta haramta acaɓa a Janairun 2013, sai A Daidaita Sahu ta maye gurbi, cunkoso kuma bai tafi ko'ina ba. Hani kaɗai ba ya gyara gari. Idan masu gajeriyar tafiya suka rage hawa, hanya za ta buɗe, mai babur ya yi doguwar tafiyar da ta fi riba cikin ɗan lokaci.

Abin Yi

Aikin farko namu ne. Inda aka yi gefen titi domin masu tafiya, sau da yawa teburan 'yan kasuwarmu da tukubar mai tsire da motocinmu ne suka cinye shi. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa suna da bakin da za a ji idan suka ce a ja da baya taku biyu. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa kowane taku zuwa masallaci yana da lada, saura manyan gari su nuna a aikace. Ranar da aka ga babban alhaji ya taho Juma'a a ƙasa da laimarsa, kunyar tafiya ƙasa ta ƙare a unguwar.

Aiki na biyu na hukuma ne. A 2022 Bankin Duniya ya amince da ba da kuɗin aikin sufurin birnin Duwala, wanda ya ƙunshi manyan bas masu hanyarsu ta daban. Duk wanda zai hau bas, da ƙafa zai isa tasha. Don haka ya kamata mazauna ƙaramar hukumar Duwala ta Biyu su matsa a rufe magudanan ruwa, a yi daɓen gefen titi, a sa fitilu, a dasa itatuwan inuwa, a ware wurin ajiye keke a bakin kasuwa da makaranta. Birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 ya fara rufe wasu tituna domin masu keke da masu tafiya ƙasa, yanzu kuma kowace Lahadi ake yi. Gwada haka a titi ɗaya na New Bell, na 'yan awoyi, ba ya buƙatar rancen kowa.

Kammalawa

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A New Bell ta yau ma ba a daɗewa, domin sau da yawa mai ƙafa kan riga mai mota isa kasuwa. Wanda ke da mota ya ajiye ta domin doguwar tafiya da ranar ruwa da ɗaukar marasa ƙarfi. Sauran fitar, ya taka sayyada, ya gaida maƙwabta, ya riƙe hannun ɗansa su tafi tare. Allah ya sa mu dace.