Kuɗin ƙage: a rubuta gaskiya a jikin ƙarfen

Kwanakin baya a majalisarmu da ke kusa da Ƙofar Dawanau, wani ƙanen abokina ya zaro wani ƙaton sulalla yana ta murna. A jikinsa akwai kan Sarkin Ingila Edward na Takwas da shekarar 1936. Wanda ya sayar masa ya ce kuɗin zamanin Turawa ne da kakanninmu suka kashe, shi kuwa ya ba da kuɗin da ya tara na gyaran babur.

Wani dattijo ya karɓa, ya juya shi, ya ce shi dai bai taɓa ganin irinsa a adakar mahaifiyarsa ba. Gaskiyarsa. Edward ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, kuma ba a taɓa sakin kuɗi mai ɗauke da kansa don a kashe a kasuwa ba. Abin da ya zo mana nan Afirka ta Yamma da sunansa shi ne kwabo da ɗari da anini, masu huda a tsakiya da rubutun Larabci, babu hoton kowa. Wanda yaron ya saya, 'yan kasuwa ne a Turai suka buga shi daga baya don masu sha'awa.

Irin wannan ne masu tara tsofaffin kuɗi a duniya suka daɗe suna jayayya a kai. Masu kare shi na cewa ba jabu ba ne, domin jabu kwaikwayon abin da ke akwai ne, wannan kuwa bai taɓa wanzuwa ba. A wurinsu ado ne, kamar zane. Masu suka na cewa ƙarfe ya fi mai shi tsawon rai, kuma wata rana sai an yaudari wani da shi.

Ni ina tare da masu suka. Ba na ƙin a ƙera, amma bayanin baki ba ya bin kaya. Maƙerin zai iya gaya wa mai saye na farko gaskiya, shi ma ya gaya wa na biyu. Kafin a kai hannu na biyar, an manta, sai ga shi a tire cikin anini da sisi da taro na ainihi, ana ce wa baƙo kayan tarihi ne.

Wani zai ce, to liyari fa? Gaskiya ne, wannan kuɗin azurfa mai kan Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, da iyayenmu mata suka yi ado da shi, duk 1780 aka rubuta masa, shekarar da ta rasu, alhali an ci gaba da buga shi har zamaninmu. Bambancin shi ne, azurfarsa ake saye, nauyinsa sananne ne, kuma ya yi aiki a kasuwanni daga ƙasar Larabawa zuwa Habasha har ƙasar Hausa. Bai ƙago tarihin da babu shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne namu tarihin. Sarakunan Kano ba su buga kuɗi da sunansu ba. Da wuri aka yi ciniki a Kasuwar Kurmi kafin kuɗin Turawa su kore shi. Idan gobe wani ya zuba tagulla, ya rubuta Muhammadu Rumfa da 1463, ya yi shiru, nan da shekara talatin jikokinmu za su rantse cewa kuɗin Rumfa ne. Hoto ɗaya a Facebook ya isa.

Maganin ba wuya. Tun 1973 Amurka ta yi dokar da ta tilasta buga kalmar da ke nuna kwafi a jikin duk kuɗin kwaikwayo da aka ƙera don masu tarawa. Mu ma maƙeranmu da dillalanmu su yi haka: sunan maƙeri da ainihin shekarar ƙira, a jikin ƙarfen, ba a takarda ba. Wanda ya ƙi, algus ya nufa.

Kai kuma mai saye, kafin ka ciro kuɗinka, kai wa dattijon unguwarku ya gani, ko ka leƙa Gidan Makama ka tambaya. Ƙanen abokina dai babur ɗinsa na nan a jingine.