Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Wutar Lantarki Na Najeriya

Ranka ya daɗe,

Maganar wutar da muke ba Nijar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun shekarun 1970 layin wuta ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Yamai, daga baya wani ya bi ta Katsina zuwa Gazawa, yana haska Maraɗi da Damagaram. Ba sadaka muke yi ba. Kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, saye yake, kuma kogin Kwara sai ya ratsa ƙasarsu kafin ya juya injinan Kainji da Jebba. Su ke sama da mu a bakin ruwa.

Sai ga Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka katse wutar da sunan takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Wa aka hukunta? Sojan da ke fadar gwamnati yana da janareta. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai walda a Maraɗi da ya wuni zaune kan benci, da mai sayar da ƙanƙarar da jarinta ya narke a firiza, da majinyacin da ke kwance a duhu. An mayar da wutar a Maris 2024, amma amana ba ta dawowa da danna makunni. Yanzu ga su can sun ƙara ƙaimi kan hasken rana a Gorou Banda, idonsu kuma na kan madatsar Kandaji. Wa zai ga laifinsu?

Roƙona biyu ne. Layin nan mai kilobolt 330 na WAPP, ƙungiyar haɗa wutar ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin, a tsaya a kai har a kammala shi, duk da cewa Nijar ta fice daga ECOWAS. Injiniyoyin ɓangarorin biyu sun saba aiki tare. 'Yan siyasa ne ke shiga tsakaninsu.

Na biyu ya fi nauyi. A rubuta a yarjejeniya, a sa hannu, cewa rikicin siyasa ba zai sake zama dalilin yanke wuta ba. In bashi ne, a bi shi ta hanyar ciniki, babu mai cewa a yafe.

Ranka ya daɗe, ka kai wannan magana gaban Shugaban Ƙasa.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Katsina