Lambobin da ke kan katin asibiti: haƙƙin majinyaci ne ya san ma'anarsu

Kowace safiya, a asibitocin Abuja da kewaye, ma'aikacin gwamnati kan miƙa katin inshorarsa, ya zauna gaban ma'aikaciyar jinya, a ɗaura masa na'urar awon jini a dantse, a gwada zafin jikinsa, a rubuta wasu lambobi a fayil, sannan a ce ya je ya bi layin ganin likita. Duka abin ba ya wuce minti uku. Idan aka tare shi a bakin ƙofa aka tambaye shi nawa jininsa ya kai, sau da yawa amsar ita ce an ce ya ɗan hau, ko kuma ba a ce masa komai ba. Wannan jarida na ganin waɗannan mintuna uku suna cikin mafi daraja a duk zuwan mutum asibiti, kuma su ne aka fi yin sakaci da su.

Abin da ake aunawa a teburin nan shi ne tushen aikin jinya. Zafin jikin baligi mai lafiya yana kusa da digiri 37, idan ya kai 38 an shiga zazzaɓi. Zuciyarsa, yana zaune a natse, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Numfashinsa sau 12 zuwa 20 ne a minti. Awon jini kuwa lambobi biyu ne: na sama ƙarfin da jini ke bugun jijiya lokacin da zuciya ta matse, na ƙasa kuma lokacin da ta saki. Wanda ke kusa da 120 bisa 80 yana cikin daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin hawan jini, idan an same shi a ranaku biyu daban-daban. A asibitoci da dama an ƙara da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wanda ake so ya nuna kashi 95 cikin 100 ko fiye.

Waɗannan lambobi kan sauya tun kafin majinyaci ya jigata. Masana jinya sun daɗe da lura cewa saurin numfashi yana cikin alamomin farko na taɓarɓarewar mara lafiya, amma shi ne aka fi tsallakewa, domin ba na'ura ce ke ƙirga shi ba. Sai mutum ya tsaya, ya dubi ƙirjin majinyaci, ya ƙirga na tsawon minti guda. A Birtaniya, ƙungiyar manyan likitocin ƙasar ta fito da wani tsari a 2012, aka sabunta shi a 2017, wanda ke bai wa kowane awo maki, a haɗa jimilla, idan ta kai wani adadi dole a kira babban likita. Hikimar tsarin ita ce awo ba ya ƙarewa a rubutu, sai ya kai ga mataki. Haka abin yake ga mai juna biyu: hawan jini bayan mako 20 na ciki kan zama gargaɗin jijjiga, kuma a teburin awo ake fara gano shi.

Ga masu karanta wannan shafi, hawan jini ne ya fi kusa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumban 2023 ya nuna mutane kusan biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. Ciwo ne da ba ya sallama. Mutum na iya yin shekaru yana zuwa ofis garau, sai ranar da ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ƙodar da ta daina aiki. Wanda ke fitowa daga Mararaba, Kubwa ko Suleja tun da asuba, ya sha cunkoso, ya wuni a kujera, ya ci abin da ya samu a kusa da Sakatariya, ya koma gida bayan isha'i, yana cikin waɗanda ya kamata su san lambobinsu kamar yadda suka san lambar asusun albashinsu.

Bayani ga majinyaci kuma ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya sanar da majinyaci halin da yake ciki da maganin da ya dace, kuma gwargwadon hali a harshen da yake ji, da la'akari da zurfin karatunsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya sake jaddada haka. Idan aka rasa bayanin, sakamakonsa a bayyane yake. Mutum ya sha maganin hawan jini na wata guda, ya ji sauƙi, ya ajiye, domin ba wanda ya faɗa masa cewa maganin yana riƙe ciwon ne, ba ya kawar da shi. Wani ya rage gishiri a miya amma ya ninka ɗanɗano, bai san cewa dunƙulen cike yake da gishiri ba, kuma abin da ake so baligi ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi.

Zalunci ne a ɗora laifin nan kacokan a kan ma'aikatan jinya. Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta bayyana a farkon 2024 cewa fiye da ma'aikata 15,000 ne suka bar ƙasar nan a shekarar 2023 kaɗai. Waɗanda suka rage su ke ɗauke da nauyin waɗanda suka tafi, kuma ƙarancin hannu na cikin koke-koken da suka kai su ga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yulin 2025. Ma'aikaciyar da layi ya cika gabanta ba za ta iya bai wa kowa mintuna biyar na zama kafin awo ba, balle ta tsaya bayani. A nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kason tarayya bai kai rabin haka ba. Wannan giɓi shi ne ke bayyana a na'urar da ta lalace da kujerar da babu kowa a kanta.

Duk da haka akwai gyaran da ba sai an jira kasafin baɗi ba. Shugabannin asibitoci na iya mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda aka auna a faɗa masa lambarsa da baki, a rubuta masa a katin da zai tafi da shi gida, a kuma nemi ya maimaita abin da ya fahimta game da maganinsa kafin ya tashi. Wannan maimaitawa ba ta cin kuɗi, kuma ita ke tona inda bayani bai shiga ba. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, tana da hurumin sanya wannan cikin abin da take dubawa a asibitocin da ke karɓar kuɗin ma'aikata. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuma zai yi wa ƙasa hidima idan ya sa awon jini ya zama abin yau da kullum a ma'aikatu, maimakon bikin rana guda a 17 ga Mayu da ake watsewa bayan an ɗauki hoto.

Hadimai da sakatarori na da nasu rabon. Su ke riƙe da jadawalin manya, su ke tsara takardun da ke isa teburin minista da babban sakatare. Wanda ya iya samar wa taro awa biyu zai iya samar wa maigidansa, da kansa, minti goma na awo. Wanda kuma takardar neman ɗaukar ma'aikatan jinya ta biyo ta hannunsa, ya sani cewa kowane makon da ta yi a aljihun tebur yana da farashi a gadon asibiti.

Shi ma ma'aikaci akwai abin da ke hannunsa. Kafin awo ya guji goro, gahawa da sigari na rabin awa, ya kama ruwa idan yana ji, ya zauna minti biyar da baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ya kuma yi shiru har a gama. Sannan ya tambaya cikin ladabi: nawa ya nuna, me hakan ke nufi, yaushe zai dawo a sake aunawa. Matambayi ba ya ɓata, kuma mafi yawan ma'aikatan jinya sun fi son mai tambaya a kan wanda za a dawo da shi ranga-ranga cikin dare.

Ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi wajen wankin ƙoda da jinyar shanyewar jiki, amma take ƙyashin mintuna biyar a teburin awo, ta yi lissafinta a baibai. Gyaran yana farawa ne daga ranar da duk wanda ya fito daga asibiti zai iya faɗin lambobinsa da ma'anarsu.